Yadda Ake Samun Saitin Bulon Wasa da Araha Ba Tare da an Cuce Ka Ba

Duk wanda ya taɓa ɗaga kwalin bulon wasa irin na LEGO, ya juya shi ya ga farashi, ya san yara ne ke wasan amma aljihun manya ne ke jin jiki. Na daɗe ina sayen waɗannan kaya, da farko saboda yara, daga baya kuma, in faɗi gaskiya, saboda kaina. Abin da ya fi ɗaure mini kai tun farko shi ne saiti ɗaya tak, mai lamba ɗaya, sai ka same shi da farashi huɗu a wurare huɗu a rana guda, kuma wanda ya fi kowa cika baki da kalmar rangwame sau da yawa shi ne mai tsadar. Don haka aikin gaba ɗaya ya rataya ne a kan abu biyu: ka san ainihin kuɗin kaya kafin a yi maka tayi, kuma ka iya jira.

Abubuwan da za ka tanada

Waya ko kwamfuta mai intanet. Ɗan littafin rubutu, ko jadawali a waya, inda za ka riƙa ajiye lambar saiti da farashi da kwanan wata. Kalkuleta, ta cikin waya ma ta isa. Ƙaramin sikeli mai auna giram, idan kana da niyyar sayen na hannu. Hanyar biyan kuɗi da ke ba ka damar neman a mayar maka da kuɗinka idan kaya ba su zo ba.

Sai shafuka huɗu da za ka saba da su: shafin kamfanin da ya ƙera kayan, Brickset mai tattara bayanan saitin LEGO, BrickLink wadda kasuwar bulo ce, da ɗaya daga cikin Keepa ko CamelCamelCamel masu nuna tarihin farashi. Dubawa a cikinsu kyauta ce.

Na ƙarshe shi ne lokaci. Idan kyauta za ka yi wa yaro, fara nema wata biyu ko uku kafin ranar. Wanda ya zo saye ana gobe biki, duk abin da aka ce masa shi zai biya.

1. Nemo lambar saitin, kada ka dogara da suna

Kowane saitin LEGO yana da lamba a gaban kwali, na yanzu galibi mai alƙaluma 5, tsofaffi kuma 3 ko 4. Da wannan lamba za ka yi duk bincikenka. Dalili kuwa kamfanin yakan maimaita suna: ofishin 'yan sanda ko motar kashe gobara an fitar da su sau da dama a shekaru daban-daban, wani babba wani ƙarami. Idan ka nema da suna, za ka iya kwatanta farashin ƙaramin saiti da na babba, ka yi ta murna kana zaton ka tsinci dami a kala.

Idan yaro ne ya nuna maka hoto ba lamba, shiga Brickset ka nemi jigon, wato rukunin da saitin yake ciki kamar na birni ko na Star Wars, ka bi hotuna har ka gano shi. Ka rubuta lambar, yawan ƙwayoyin da ke ciki, shekarar da ya fito, da shekarun yaran da aka yi shi dominsu. Wannan na ƙarshen kada ka raina shi: ƙananan bulo haɗari ne ga yaron da bai kai shekara 3 ba, don zai iya haɗiya. Masu wannan shekaru Duplo aka yi musu, wato nau'in LEGO mai manyan bulo.

2. Gano farashin da kamfani ya yanka

Kowane saiti yana da farashin da kamfani ya sa masa a ƙasashen da yake sayarwa kai tsaye. Shi ne ma'auninka. Za ka same shi a shafin kamfanin, kuma Brickset na ajiye shi har na saitin da aka daina yi.

A nan ne sababbin shiga suka fi faɗawa. Mai sayarwa zai rubuta wani babban adadi ya ja masa layi, ya rubuta ƙarami a ƙasa, ya ce ragin kashi 30 cikin 100. Sai ka duba ka tarar adadin da aka ja wa layin ƙirƙirarsa ya yi, kuma "sabon" farashin daidai yake da na kamfani, ko ma ya ɗara shi. Ragi daga farashin kamfani ake lissafa shi, ba daga abin da mai kanti ya ga dama ya rubuta ba.

3. Raba kuɗin da yawan ƙwayoyi, amma da hankali

Masu wannan harka suna da wani lissafi mai sauƙi: farashi a raba da yawan ƙwayoyi. A ce saiti ɗaya kuɗinsa 60 a kowane irin kuɗi kake amfani da shi, ƙwayoyinsa 750, kowace ƙwaya ta tashi 0.08. Wani kuma 45, ƙwayoyinsa 380, kowace ta tashi kusan 0.12. Na biyun ya fi sauƙin ɗauka a ido, na farkon ya fi riba. An daɗe ana ɗaukar sent 10 na dalar Amurka kan kowace ƙwaya a matsayin tsaka-tsaki ga LEGO, ƙasa da haka a ce da sauƙi, sama da haka a ce da tsada.

Sai dai lissafin yana yaudara idan ka bi shi ido rufe. Ƙwaya ba ɗaya take da ƙwaya ba. Akwai saitin da ake haɗa hoto da shi, dubban ƙwayoyi ne amma kowacce ba ta kai farcen ɗan yatsa ba, sai lissafi ya nuna araha alhali robar da ke ciki kaɗan ce. Akwai kuma Duplo, wanda bulonsa ya ninka na yau da kullum sau 2 a tsawo da faɗi da tsayi, ƙwayoyi kaɗan ne a kwali amma kowacce cike da hannu. Saitin da ke da inji da batir, ko manyan tayoyi, ko jikin jirgin ruwa guda, dole lissafinsa ya yi sama. Haka waɗanda aka yi da lasisin wani kamfanin fim ko na motoci: wani ɓangare na kuɗinka kuɗin sunan ne. 'Yan mutum-mutumin da ke ciki su ma suna ɗaga farashi, wani lokaci guda ɗaya a kasuwar na hannu ya kai rabin kuɗin ƙaramin saiti.

Saboda haka ni nakan kwatanta jinsi da jinsi: saitin birni da saitin birni, Technic (jinsin LEGO mai motoci da injuna masu motsi) da Technic. Idan na yi shakka sai in duba nauyin kwalin a BrickLink in raba farashi da giram, wannan ya fi faɗin gaskiyar yawan robar da zan samu.

Kuma idan buƙatarka kawai yaro ya sami bulo da yawa ya gina abin da ransa ke so, manta da saitin da ke da suna. Manyan akwatunan LEGO Classic, masu bulo iri-iri a gauraye, su suka fi ba da ƙwayoyi a kan kuɗi kaɗan. Bayansu sai Creator mai uku-cikin-ɗaya, wanda ake gina abubuwa uku daban-daban da bulonsa, a rushe ɗaya a gina wani.

4. Duba tarihin farashi, ka ɗana tarko

Keepa da CamelCamelCamel suna nuna yadda farashin kaya ya yi ta hawa da sauka a Amazon tsawon watanni. Ko ba a can za ka saya ba, zanen yana koya maka halin saitin: shin yakan sauka lokaci-lokaci, ko tun fitowarsa bai motsa ba? Nemi mafi ƙanƙantar farashin da ya taɓa kaiwa, ka sa burinka ɗan sama da shi, ka saita a turo maka saƙo idan ya kai. Wanda ya nace sai ya sami mafi ƙanƙantar nan daidai, sau da yawa har kayan su ƙare bai saya ba.

Idan inda kake saye ba ya cikin waɗannan shafuka, yi da hannu. Zaɓi kantuna uku ko huɗu, ka leƙa sau ɗaya a mako, ka rubuta. Bayan wata guda za ka fara gane wanda ke sauke farashi da gaske da wanda ke canza launin talla kawai.

5. San lokacin da ake saye

Saiti yana da rayuwa kamar kowace haja. Idan ya fito sabo, farashinsa cikakke ne, kowa na rububi. Bayan 'yan watanni manyan kantuna sukan fara ragi. A abin da na saba gani, ragin kashi 20 cikin 100 kan saiti na gama-gari abu ne da ke zuwa idan ka jira, kashi 30 ya yi kyau ƙwarai, abin da ya wuce haka kuwa sai lokacin da kanti ke son share kanta don sababbin kaya. Yawancin saiti sukan yi shekara 1 zuwa 3 a kasuwa kafin a daina yin su. Da an daina, kayan sun ƙare a kantuna, sai farashi ya juya ya fara hawa a hannun 'yan sari, musamman manyan saiti da masu farin jini.

Ka ga ke nan lokacin da ya fi daɗi shi ne tsakiyar rayuwar saiti zuwa dab da ƙarshenta. Shafin LEGO yakan sa alama a kan waɗanda ake shirin dainawa, kuma da yawa ƙarshen shekara ake sallamarsu. Idan wanda kake so ya shiga wannan sahu, daina jiran babban ragi, ko kashi 10 ka samu ɗauka. Na taɓa jinkiri a kan wani saitin gini ina jiran ya ƙara sauka, na waiwaya bayan wata uku na tarar babu shi sai a hannun masu neman kusan ninki biyu. Har yau ban saya ba.

A cikin shekara kuma akwai ranakun da aka sani. Black Friday, wato Juma'ar da ke bin Alhamis ta huɗu a Nuwamba, da Litinin ɗin da ke biye. Makonnin bayan Kirsimeti, lokacin da kantuna ke rage abin da ya saura. Farkon Janairu da tsakiyar shekara, lokacin da sababbin saiti ke shigowa tsofaffi na neman wurin zuwa. Ga masu son Star Wars kuma, kwanakin da ke kewaye da 4 ga Mayu, ranar da masoya fim ɗin ke bikinsa.

Akwai manyan saiti da kusan kamfanin kaɗai ke sayar da su, waɗannan ba kasafai ake rage musu kuɗi ba. Dabarar a nan ita ce tsarin tara maki na LEGO Insiders, wanda ya maye gurbin tsohon tsarin VIP a 2023. Rajista kyauta ce, kana tara maki da darajarsu ta kai kusan kashi 5 cikin 100 na abin da ka kashe, wasu ranaku kuma a ninka makin, ko a ɗora maka ƙaramin saiti kyauta idan sayayyarka ta kai wani adadi. Jira irin wannan rana ka sayi babban. Amma kada ka ƙara kayan da ba ka buƙata a kwando don kawai ka kai adadin kyautar, kwaɗayi mabuɗin wahala. Tsarin kuma ba kowace ƙasa yake aiki ba, fara dubawa.

6. Haɗa kuɗin duka har ƙofar gida

Farashin da ke kan allo somin-taɓi ne. Ƙara kuɗin aikawa, haraji, kuɗin kwastan idan daga wata ƙasa kayan za su taso, da abin da banki zai cire wajen canjin kuɗi. Kwalin bulo yana da girma fiye da nauyinsa, masu dakon kaya kuma sukan caji girman, don haka ragin da ka yi murna da shi kan iya narkewa a hanya. Ka kai sayayyar har shafin ƙarshe kafin biya, ka ga jimla, ka rubuta, sannan ka kwatanta.

Idan kuɗin aikawa ya yi yawa, haɗa saiti biyu ko uku a oda ɗaya, ko ku haɗa kai da wani mai saye ku raba. Idan kuma ba ajiyar kwali kake yi ba, tambayi mai sayarwa ko yana da wanda kwalinsa ya lotse, ko ya turo ledojin ba kwali. Bulon da ke ciki bai san an taka kwalin ba.

7. Kasuwar na hannu

A nan ne babbar arahar take, a nan ne kuma aka fi buƙatar ido. Tun 1958 aka yi wa tsarin haɗuwar bulon LEGO rajista, kuma bulon wancan zamani yana kama na yau. Robar tana da ƙarko, saitin da aka gina sau ɗaya aka ajiye a kanta kusan sabo ne.

Kafin ka yi tayi, buɗe lambar saitin a BrickLink. Kasuwa ce ta masu sayar da bulo daga ƙasashe da yawa, an kafa ta a 2000, kamfanin LEGO ya saye ta a 2019. Tana da jadawalin farashi mai ɓangare biyu: abin da aka sayar a wata 6 da suka wuce, da abin da ake nema yanzu, sabo daban na hannu daban. Ɓangaren farko za ka kalla. Abin da mai kaya ke nema buri ne, abin da aka biya shi ne kasuwa. Haka a eBay, tace sakamakon ya nuna maka waɗanda aka riga aka sayar.

Sannan ka yi wa mai kaya tambayoyi, kada ka ji kunya. Ya cika, ko akwai abin da ya ɓace? 'Yan mutum-mutumin duka suna nan da kayan hannunsu? Su aka fi zarewa a sayar daban, kuma idan babu su dole farashi ya sauka sosai. An manna sitika, kuma a miƙe? An taɓa sa gam? Ya zauna a rana? Farin bulo da ruwan toka da shuɗi sukan koma rawaya idan rana ta daɗe tana dukansu. Nemi hoton kayan na ainihi, an gina shi, da takarda mai kwanan wata a gefe. Hoton talla na kamfani ba shaida ba ne.

Rashin littafin haɗawa kada ya hana ka saye, sai ma ya zama hujjar neman ragi, domin kamfanin ya sa littattafan dubban saiti a shafinsa da manhajar LEGO Builder kyauta. Ƙwaya biyar ko goma da suka ɓace ma ba matsala ba ce idan na gama-gari ne, ana samunsu ɗai-ɗai a BrickLink ko makamanciyarta Brick Owl, ko a Pick a Brick, sashen sayar da ƙwayoyi na kamfanin LEGO. Sai dai ka lissafa kuɗin aikawarsu tukuna, don ƙwayar da ba ta kai komai ba kan zo da kuɗin aikawa da ya ninka ta sau ashirin.

Wasu kuma a buhu suke sayarwa, a kan kilo. Ga yaron da ke gina na kansa babu abin da ya kai wannan. Ɗebo hannu biyu ko uku daga wurare daban-daban a cikin buhun ka duba: LEGO na gaske yana da sunan a rubuce a kan kowane ɗan ƙululun da ke saman bulo. Idan kashi ɗaya cikin huɗu wasu kamfanoni ne ko tarkacen wasu kayan wasa, rage tayinka daidai da haka, ka auna da sikelinka. Idan ka kawo gida, wanke da hannu da sabulu mai laushi a ruwan da zafinsa bai wuce digiri 40 ba, ka shanya a inuwa. Masu batir da masu sitika kada su shiga ruwa. Daga nan wani shafi mai suna Rebrickable zai taimaka: ka shigar da abin da kake da shi, ya nuna maka abin da za ka iya ginawa.

8. Sauran kamfanoni, da bambancinsu da jabu

Haƙƙin mallakar ainihin tsarin bulon ya daɗe da ƙarewa, kuma a 2010 babbar kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa siffar bulon ba za ta zama alamar kasuwanci ta kamfani ɗaya ba. Shi ya sa akwai kamfanoni halastattu da ke yin bulo mai shiga da na LEGO da nasu zanen: Mega, wanda Mattel ya saya a 2014, Cobi na ƙasar Folan mai jirage da tankokin tarihi, CaDA na ƙasar Sin mai motoci. Da yawansu sun fi sauƙin kuɗi. Ingancin ya bambanta, wani bulon yana kamawa da kyau, wani sai ka sa ƙarfi, wani kuma ya yi sako-sako. Sayi ƙarami ka gwada kafin babba. Ka kuma sani idan ka tashi sayarwa ba za su riƙe daraja kamar LEGO ba.

Jabu kuwa shi ne wanda ya kwafi saitin wani, har da hoton kwali, ya ɗan murɗa sunan. Lepin ne ya fi shahara da wannan kafin 'yan sandan Sin su kai masa samame a 2019. Irin waɗannan ba ka da tabbacin an gwada robarsu don lafiyar yara, kuma idan ƙwaya ta ɓace ba ka da wanda za ka tambaya. Abin da ya fi ciwo shi ne a sayar maka da jabu a farashin na gaske.

9. Kafin ka biya, da bayan kaya sun iso

Tallan da ke yawo a kafafen sada zumunta yana cewa babban saiti sabo fil da ragin kashi 70 ko 80, wai ana rufe rumbu, damfara ce. Sukan kwaikwayi shafin kamfanin har da tambari, su sa agogo yana ƙirga mintuna don ka yi gaggawa. Karanta adireshin shafin harafi bayan harafi. A kasuwannin intanet kuma duba sunan wanda ke sayarwa na ainihi, da yawan cinikin da ya yi, da abin da masu saye suka ce, musamman masu ƙorafi. Duk wanda ya ce ku koma gefe ka tura masa kuɗi kai tsaye don ya ƙara maka ragi, so yake ka bar inda kake da kariya.

Idan kwali ya iso, duba hatiminsa kafin ka buɗe. Akwai masu saye su zare 'yan mutum-mutumi ko ledoji, su cusa wani abu, su liƙe su mayar wa kanti. Salatif biyu a kan juna ko alamar gam abin tuhuma ne, ɗora kwalin a sikeli ka kwatanta da nauyin da BrickLink ya nuna. Ɗauki bidiyo lokacin buɗewa, ka ƙirga ledojin masu lamba ka ga sun yi daidai da littafin. Idan sabon saitin LEGO ne na gaske kuma ƙwaya ta yi ɓatan dabo, shiga sashen kula da masu saye a shafinsu, ka sa lambar saitin, ka zaɓi ƙwayar, sukan aiko da ita kyauta. Ajiye rasit har wa'adin mayar da kaya ya wuce, don wasu kantunan sukan biya ka bambanci idan farashi ya sauka a cikin kwanakin, sai dai ba sa yi sai ka tambaya.